Akuyar da Baba Bai Yanka Ba

Duk sanda na wuce ta wajen mahauta na ji ƙaurin babbaka, sai hankalina ya koma layinmu na Bolari, ina 'yar shekara tara ko goma. Ƙaurin gashin akuya ne a kan wuta, mai kama zane ya kwana biyu bai fita ba. Wasu toshe hanci suke yi. Ni tsayawa nake, sai an yi mini hon sannan in matsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wasu Tangalawa Kirista. Maigidan kafinta ne, matarsa kuwa duk yaran layin Mama muke ce mata. Ita ta yi wa Inna wankan jego a haihuwata, domin kakata tana nesa kuma ba ta da lafiya. Ta saman katangar nan ake miƙa gishiri, a miƙa garwashi, har jariri ake miƙawa in Inna za ta kewaya. Mama ta fi ni sanin lokutan salla. In ta ji kiran la'asar sai ta rage rediyonta, ba wanda ya taɓa ce mata ta yi.

Tun kafin a haife ni akwai al'ada tsakanin gidajen biyu: ranar Kirsimeti Baba ne ke yanka musu akuya. Kafinta ya san mutanen layin ba sa sakin jiki da naman da ba Musulmi ne ya yanka ba, shi kuma ba ya son ya ci nama maƙwabta na jin ƙanshi. Da sassafe Baba zai wasa wuƙa ya zaga, ya fuskantar da akuyar alƙibla, ya yi bisimilla, kafinta na riƙe da ƙafafu. Kafin azahar kwanon shinkafa da soyayyen nama ya hauro katanga. Da layya kuwa cinya guda tasu ce.

Shekarar da abin ya lalace, Baffa, ƙanin Baba, ya dawo daga karatu a Sudan. Mama ma ƙaninta ya zo musu, mai wa'azi ne da ya daɗe a ƙauyukan Borno cikin Shuwa har ya iya Larabcinsu. Lokacin kaka ne, muna zaune ƙofar gida muna ɓarar gyaɗa, su biyun suka haɗu a kan benci. Baƙon ya gaida Baffa da Larabci, ina jin don neman sabo. Baffa ya yi dariya, ya ce wannan ai Larabcin masu kiwon shanu ne, ba na littafi ba.

Daga nan aka fara. Mai wa'azi ya ce akwai Larabawa Kirista, da sunan Allah suke addu'a, da Larabci suke faɗin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Allah ɗaya suke nufi. Baffa ya ce wanda bai iya Larabcin Alƙur'ani ba, ba shi da bakin magana a kan kaɗaita Allah, ya karanto Ƙulhuwallahu da ƙarfi. Kwana huɗu suna yi, kullum bayan la'asar. Samari suka riƙa taruwa, kowane ɓangare na tafawa in nasu ya ɗaga murya, alhali ko kalma ba sa ji. Wata tsohuwa 'yar Shuwa mai tallar turaren wuta ta tsaya ta saurare su rana ɗaya. Ita kaɗai ce a wurin ta sha harshen a nono. Ta ce wa Inna ɗaya yana magana kamar labaran rediyo, ɗayan kamar wanda ya koya a kasuwar shanu, ta ɗau kayanta ta wuce.

Ba wanda ya sauya addini. Amma Baffa ya shiga ɗakin Baba da littattafai, na ji yana cewa, "Yaya, wuƙarka ce ke buɗe musu bikin nan, kuma ka san abin da suke faɗa game da Allah a ranar." Baba bai yi nisa a karatu ba. Nauyin ƙaninsa mai ilimi ya kama shi.

Bai ce zai yanka ba, bai ce ba zai yanka ba. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Ranar Kirsimeti yana idar da sallar asuba ya hau kekensa ya tafi gonarsa ta bayan Kagarawal, gonar da aka riga aka girbe, ba komai sai kara. Kafinta ya aiko har sau biyu. Ta saman katanga ina hango akuyar ɗaure a gindin gwanda, an haɗa itacen babbaka an ajiye. Suka tafi coci suka dawo tana nan tana kuka. Sai bayan azahar kafinta ya yanka da kansa. Inna kuwa a ɗaki ta wuni, don kada su haɗa ido da Mama.

Kwano bai hauro ba a ranar. Sai da na girma na gane ba fushi ne ya hana Mama ba. Ta san ba za a ci ba, ba ta so ta jefa Inna cikin kunyar zubarwa ko mayarwa. Da layya ta zagayo Inna ta cire cinyar ta sa a faranti, ta je gindin katanga ta tsaya, sannan ta dawo da ita. Ta ce da wane ido za ta miƙa. Haka kowace ta riƙa kare 'yar'uwarta daga kunya, har magana ta koma ina kwana kawai. Bayan shekara biyu su Mama suka tashi zuwa unguwar da danginsu suka fi yawa. Rasuwar Mama a bakin wata mai kayan miya Inna ta ji, an yi sati uku da binne ta.

Ni yau uwa ce, ina tsare sallata gwargwadon iko, ban taɓa shakkar cewa Allah ɗaya ne, bai haifa ba kuma ba a haife shi ba. Inna ma ba ta taɓa shakka ba duk shekarun da take cin shinkafar Mama. Yanzu muhawarar ta koma cikin waya, yarana na kallon mutanen da ba su taɓa haɗa katanga ba suna jifan juna da Larabci, ni kuma ba ni da Mamar da zan nuna musu.

Abin da ya fi ba ni takaici, Baffa da mai wa'azin nan sun tsufa, sun huce, har ana gayyatarsu taron zaman lafiya, su zauna kujera kusa da kujera a ɗauke su hoto. Bara da na kai wa Baffa gaisuwar salla na daure na tambaye shi ko ya tuna akuyar kafinta. Ya gyara tabarau ya dube ni, da gaskiyarsa, ya ce, "Wace akuya kuma, 'yata?"