Tandun Kwallin Muhsinat

Shekara tara ke nan Ramlat Salmanu, 'yar Zariya, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibitin yara a Dubai. Kullum da safe takan hau jirgin ƙasa daga unguwar Al Rigga, ba ta taɓa makara ba. Aikinta shi ne auna ruwan da likitoci ke zuƙowa daga ƙashin bayan yara masu sankarar jini, ta ga yadda tagulla da ƙarfe da makamantansu ke hawa ko sauka yayin da ake ba su magani. Abin da take nema bai kai ƙura ba, shi ya sa ko zobe ba ta sawa, kada ya gurɓata awon.

A watan Maris dalma, wadda guba ce, ta bayyana a ruwan wata yarinya, Muhsinat, 'yar shekara biyar. Aka sake aunawa bayan mako uku, ta ƙaru.

Shugabanta, Mista Edwin, ya ajiye takardar a gabanta. "Maganin babu dalma a ciki. Kwalaben kuma hannunki kaɗai suka bi. Kafin ƙarshen wata ina son bayani."

Ta gane nufinsa. In aiki ya tafi, biza ta tafi.

Ta zargi safar hannunta, ta canja kwali. Ta zargi ruwan wanke kwalabe. Har ta fara yi wa abokiyar aikinta kallon gefe. Komai ya fito tsaf. Da ta rasa abin zargi, sai ta hau bene ta ga mai ruwan da idonta.

Yarinyar na zaune a gado, magani ya kwashe gashin kai da gira. Amma idanun sun sha kwalli raɗau.

Uwar, Hadijatu, ta amsa sallama a taƙaice. "Ke ce mai karɓar ruwan bayan 'yata? Wai ina kuke kai shi ne?"

"Maman Muhsinat, aunawa kawai nake yi. Wannan kwallin fa, daga ina?"

"Daga Kano. Kakarta ta aiko cikin kaya. Shi ma laifi ne?"

"Kullum kike sa mata?"

"Safe da yamma. Kowa ya shigo sai ya ce sannu yaro. Ba gashi, ba kitso, da me za a san mace ce?"

Muhsinat ta murje ido, ta kai yatsan baki.

Ramlat ta gaya mata batun dalmar, ta roƙi aron tandun kwallin. Hadijatu ta damƙe shi a hannu.

"Wato ku kun yi kuskure, za ku ɗora wa uwata."

"In babu komai a ciki, ni za a kora, Yaya. In akwai, cikin 'yarki yake shiga."

Tandun dai Hadijatu ba ta bayar ba. Ta yagi takarda, ta zuba kaɗan, ta ƙulle.

Kwallin ya fito cike da dalma. Edwin ya karanta, ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya ajiye takardar.

Ramlat na nan a kujerarta. Har yau in ta leƙa ɗakin Muhsinat, Hadijatu kan tura jakar da tandun ke ciki ƙarƙashin gado.