Ta Bar Masa Gidan, Bashin Bai Bar Ta Ba

Wata rana da hantsi mutum uku suka shigo ofishin lauyan da nake yi wa aikin buga takardu: wata mata, tsohon mijinta, da kawunta wanda ya ba da aurenta.

Malamar asibiti ce. Ita da mijin sun karɓi bashin banki sun sayi gida da sunansu su biyu. Yanzu aure ya mutu.

Dangi sun zauna sulhu. Don a rabu lafiya, ta ce a gaban manya ta bar masa gidan. Shi kuma ya ce sauran bashin yana wuyansa. Aka yi fatiha, aka watse.

Ni na buga takardar da za ta sa wa hannu, don haka na san abin da ke ciki. Takardar ta cire ta daga mallakar gida. Ko kalma ɗaya babu a kan bashi. A wurin banki sunanta na nan daram, da lambar asusun albashinta, kuma saura shekara tara a gama biya.

Lauyan na mijin ne. Ni kuwa albashina a hannunsa yake.

Aka miƙa mata biro.

Ta karanta shafin farko. Ta juya na biyu. Ta dawo na farko. Tsohon mijin sai kaɗa makullin mota yake yana duba agogo.

Can ta ɗago kai.

"Kawu, ban ga inda aka cire ni daga bashin ba. A bari mu je banki tukuna."

"Ke! Maganar da kika yi a gaban iyayenki za ki tashe ta a gaban baƙi? Ya ce zai biya, mun shaida. Kada ki kunyata ni."



Ta dubi lauya, ya sunkuyar da kai cikin fayil. Ta dube ni.

Wallahi kalma uku kawai take nema a bakina: kar ki sa. Sai na mayar da idona kan kwamfuta. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Ta sa hannu.

Bayan wata takwas muka haɗu a adaidaita sahu. Ita ta fara gane ni. Ashe wata uku kacal tsohon mijin ya biya ya daina. Banki bai san zaman sulhu ba, suna ya sani. Duk ƙarshen wata kafin ta ga albashi an kwashe fiye da rabi. Da ta kai kuka wurin kawun, sai ya ce ta yi haƙuri.

Yanzu a ɗakin mahaifiyarta take kwana da yaranta biyu. Kullum ta ƙofar gidan nan take wucewa zuwa aiki, gidan da take biya amma sai ta yi sallama kafin ta shiga.

Darasi: Yafiya a gaban manya daban, takardar banki daban. 'Yar'uwa, kar ki cire sunanki daga gida sai kin ga an cire shi daga bashi, a rubuce. In kuma kin ga wata za ta faɗa, ki buɗe baki. Ni ban buɗe ba.

Ku tura wa duk wadda kunya ke shirin sa ta riƙe biro.