Zoben Inna Hajara

Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni: Nasiru ya rasu a can ƙasar da yake bincike. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare muka tashi a unguwar Kilomita Biyar. Ni na tsaya gyaran waya a Titin Koudoukou, shi ya bi boko har ya zama dakta, amma na gilashi. Mun sha tsokanarsa cewa ya ƙetare teku don ya koyi aikin masu yankan gilashin taga.

Bai taɓa jin haushi ba. Sai ya zauna a bencina ya yi min bayani: gilashinsu na tellurite ne, suna narka shi su barbaɗa masa ɗan wani sinadari wai shi erbium, don ya ƙara wa haske ƙarfi a wayoyin da ke ɗauko intanet. "Kamar gishiri a miya ne," in ji shi. "Ya yi yawa, ta ɓaci."

Da shagona ya ƙone, shi ya aiko min da kayan aiki, bai kuma taɓa ta da zancen ba.

Gilashin farko da ya yi masa kyau, ɗan ƙarami mai ruwan hoda, mahaifiyarsa Inna Hajara ya aiko wa. Ita kuwa ta ɗauka dutsen ado ne, ta kai wa maƙeri ya ɗora mata a zobe. Da ya ji sai da ya yi hawaye don dariya: "Mon frère, ɗan'uwana, duk wahalar da na sha a labo, ɗakin bincikenmu, tana yatsan Inna, tana tuƙa tuwon rogo da ita."

Abin da ya tsaya masa a rai, Inna ba ta taɓa ganin aikinsa ba. Gilashin nan in aka haska masa wata 'yar fitila da ake kira leza, sai ya kama haske kore shar. Zuwansa na ƙarshe ya taho da lezar, ya tarar yanar ido ta hana Inna gani. Hutunsa ya ƙare kafin a yi mata aiki, sai ya damƙa min lezar.

"Ajiye min. Ni zan kunna mata, kar ka riga ni."

An yi aikin, idon ya buɗe, muna ta jiran zuwansa.

Ɗazu na je gaisuwa, na tafi da amanarsa in mayar. Da Inna ta ga lezar, sai ta zare zoben ta ajiye a tabarma. Na ce, "Inna, ya ce shi zai kunna." Ta ce, "Ai ya tafi, ɗana. Saki labule, ɗaki ya yi duhu."

Na kunna. Ta daɗe tana kallon hasken nan kore, sannan ta ce, "Ashe abin da yaron nan yake yi ke nan. Ni kuwa ina ta wanke-wanke da shi."

Nan kukan da nake riƙewa tun safe ya ƙwace min.

Allah Ya jiƙan Nasiru, Ya haskaka kabarinsa, Ya bai wa Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.