Odar motar Yaya Illiya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar wana Illiya, direban kamyo da ke ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Gaya. Ba hatsari ya yi ba. Ciwon ciki ne na kwana huɗu ya tafi da shi.

Yaya yana da wata ɗabi'a da nake yi masa tsiya a kanta. Duk sa'ad da ya dawo daga tafiya, da ya shawo kwanar layinmu sai ya busa oda sau uku, biyu gajeru, ɗaya mai tsawo. Inna kuwa ko me take yi sai ta ajiye, ta miƙe ta ɗora ruwan tuwo. Nakan ce masa, "Yaya, ka mai da tsohuwa karen motarka." Sai ya yi dariya ya ce kishi nake yi.

Bayan arba'in aka sayar da motar ga wani Alhaji da ke bayan layinmu. Direbansa kuwa yaron Yaya ne a da, har busar ya gada. Ranar da ya fara wucewa, Inna ta miƙe ta kama tukunya, ta kai tsakar gida kafin ta tsaya cak. Ba ruɗewa ta yi ba, ita ta zaɓi likkafaninsa. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa idan abu biyu suka daɗe suna zuwa tare, jiki yakan ɗaure su wuri ɗaya, ya amsa na farkon tun kafin hankali ya sa baki. Na ci jarrabawa da wannan darasi, amma ban gane shi ba sai a tsakar gidanmu.

Na so in je in roƙi direban ya daina. Inna ta hana, ta ce, "Ke Hadiza, ina ruwanki da odar mutane?" Shekara da shekaru ina kallon ta tana miƙewa tana komawa, ina jin haushi, ina addu'a Allah ya yaye mata.

Da Yaya zai ga motarsa yau, tun da aka rufe gadar kan iyaka rogo take ɗaukowa daga garin Tanda, da ya yi tsaki ya ce an ci mutuncinta. Ban san me zai ce game da abin da ya faru watan jiya ba.

Muna zaune Inna tana tsintar shinkafa, motar ta wuce, aka busa sau uku. Ba ta ɗaga kai ba. Na ɗauka kunne ne ya fara nauyi, na ce, "Inna, ba ki ji ba?"

Ta ce, "Na ji, Hadiza. Ƙafafun ne suka haƙura."

Addu'ata ce aka karɓa, amma na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe miƙewar nan tata ita ce ɗan abin da ya rage mini na Yaya mai motsi a gidan nan. Allah ya jiƙanka, Yaya. Yanzu kam ba mai jiran ka.