Na Zargi Abokina da Sammu, Ashe Hayaƙin Zaiba Ne

Edita, ni malamin firamare ne a nan Kontagora. A lokacin da abin nan ya same ni ina koyar da aji huɗu, ina da mata da 'ya ɗaya, kuma mutum ne ni mai raha, wanda in ya shiga ofishin malamai sai an yi dariya. Ni hedimasta ke ba wa rubuta sunayen ɗalibai a takardun kammala makaranta, don a cewarsa rubutuna ya fi na inji kyau. Ina da aboki guda da nake kira ɗan'uwa, malami ne shi ma, Kirista, mutumin wajen Rijau. Shekara tara muna zama a tebur ɗaya. Duk sanda ya je gida, mahaifiyarsa takan aiko mini da zuma a gora, ni kuwa kullum da safe sai na sha cokali guda.

Da albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, kawuna ya jawo ni cikin sana'arsa. Yana sayen zinari a hannun masu haƙa a dazukan wajen Kasuwan Garba. Su masu haƙan in sun wanke ƙasa sai su zuba mata zaiba, wani ruwan ƙarfe mai nauyi da ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa, ita ke kama ƙwayoyin zinarin su dunƙule. Aikina shi ne in ɗora dunƙulen a cokali bisa garwashi, zaibar ta bi iska, zinari ya rage. Kawu ya ce in riƙa yi a fili. Ban bi ba. Kowa ya san halin da ake ciki, in aka ji kana taɓa zinari, akwai masu kai labarinka wa 'yan bindiga. Sai na shige ɗakin ajiya na bayan gida, na toshe taga da buhu, na sa sakata. Haka na yi ta yi Asabar da Lahadi, sama da shekara, ina sunkuye a kan cokali ina kallon yadda yake canza launi. Hayaƙin ba shi da wari, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Abin ya fara da ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Dasashina ya kumbura, miyau ya yi mini yawa. Sannan yatsuna suka soma rawa, in na ɗora alli a kan allo sai layin ya yi ta karkacewa. Na riƙa mance sunan yaran da na sani tun suna aji ɗaya. Amma abin da ya fi muni ba a jiki yake ba. Na zama mutum mai jin kunyar jama'a da saurin fushi. In malamai biyu suka yi dariya, da ni suke. In maƙwabci ya gaishe ni sau biyu, leƙen asiri yake yi. Ranar da hedimasta ya karɓe rubutun takardu ya ba abokina, sai zuciyata ta ce mini ga mai laifi nan. Na tuna cewa shi kaɗai na taɓa faɗa wa batun zinari, kuma ya ce mini in bar sana'ar, ba ta dace da ni ba. Na ce ashe hassada ce. Na dubi gorar zuma, na ce ashe ta nan ake shigo mini.

Na kwaɓa zumar da dusa na ba kazarmu, na zauna ina jiran ta faɗi. Kaza ta cinye ta ci gaba da tononta. Maimakon in hankalta, sai na ce ai da sunana aka haɗa sammun, ba zai kama kowa ba sai ni. Na je wurin wani mai magani a Ibeto, ya dubi hannuna yana rawa, ya ce sammu ne, kuma daga na kusa. Abin da nake so in ji ke nan. Ranar Litinin na ɗauki gorar na dire ta a gaban abokina a ofishin malamai, kowa na nan, na ce ya sha in shi ɗan halak ne. Ya buɗe, ya sha, ya goge bakinsa, ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya fita. Kafin ƙarshen zangon karatu ya nemi a mayar da shi wata makaranta kusa da garinsu.

Tafiyarsa ba ta rage komai ba, sai zargin ya koma kan matata. Ba na cin abinci sai ta fara ci a gabana. Wata rana miya ta zube daga cokalina saboda rawar hannu, 'yata ta yi dariya irin ta yara, na daka mata tsawar da har ta yi fitsari a tsaye. Ranar matata ta ɗauke ta suka tafi Auna wurin iyayenta. Yayana ne ya zo ya sa ni a mota kusan da ƙarfi ya kai ni asibiti. Likita ya ce in miƙe hannuwa, in taɓa hancina da yatsa, in rubuta sunana. Da na ga abin da na rubuta sai na kau da kai. Ya tambaye ni ko ina aiki da maganin feshi ko batir ko zinari, na ce a'a, don shi ma ban yarda da shi ba. Yaya ne ya ce in ji tsoron Allah in faɗi gaskiya, sai na faɗa. Aka aika fitsarina gwaji wani gari, sakamako ya dawo. Likita ya ce hayaƙin zaibar da nake shaƙa ya bi jini ya taru a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma rawar hannu, da mantuwa, da fushin, har da zargin mutane, duk aikinsa ne. Ya ce a kawo iyalina su ma a gwada su, kuma kada kowa ya ƙara shiga ɗakin nan. Allah ya taimaka zaibar da ke jikinsu ba ta yi yawa ba.

Na yi watanni ina shan magani. Rawar ta ragu amma ba ta tafi ba, wannan wasiƙar ma matata, wadda ta dawo gida da 'yarmu, ita ke rubutawa ina faɗa mata. Na je har Rijau na nemi gafarar abokina. Ya ce ya yafe tun ranar, don ya ga ba ni ba ne ke magana. Sai dai ya ce labari ya kai kunnen tsohuwarsa, kuma ta rasu tana tambayar me ta yi wa ɗanta na Kontagora, wato ni. Muna gaisawa yanzu, amma ba kamar da ba, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yan'uwa masu harkar zinari, hayaƙin nan ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma ba ya tsayawa a huhu. Kada ku ƙona zaiba a ɗaki, kada ku ƙona ta inda iyali ke kwana, in da hali ku rabu da ita. Wanda kuma ya ga nasa ya canza hali, ya soma zargin kowa, to ya tambayi abin da yake taɓawa da abin da yake shaƙa, ya kai shi asibiti kafin ya buɗe baki ya faɗi sunan wani. Ni har yau in na ji zuciyata ta fara raya mini wani abu game da mutum, sai in yi shiru in tambayi matata ko ita ma ta gani. Yawanci takan ce a'a, ni kuma in yarda da ita.