Jamfar Baba Mai Karkatacciyar Kafaɗa

Wautata ba ta ƙuruciya ba ce. Sai da gemuna ya yi fari fat na yi ta, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Sai kuma telan nan na bakin tashar Tanout, wanda har yau in na hango shi nake canza hanya, kar in tofa wa kekensa yawu.

Mahaifinmu ya rasu ya bar jamfa ɗaya shuɗiya, saƙar hannu. Yayata ce ke riƙe da ita a Ollelewa cikin adakar ƙarfe. Sau ɗaya a shekara take fito da ita ta sha iska. Wata babbar salla na roƙe ta aro. Ta fito da ita ta ce:

"Auta, kwana uku. Na san halinka."

Na rantse mata har da dafa ƙirji.

A filin idi mutane suka yi ta shafa ta suna tambayar inda na samo. Ni da aji biyu kawai na yi a lakwal, makarantar boko, kafin liman ya gama huɗuba na zama babban ɗan kasuwa a raina. Na sayar da jakina, na sayi shuɗin yadi, na kai wa telan tare da jamfar, ya ɗinka mini irinta da yawa in sayar.

"Irinta nake so sak. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Ya ɗaga ta sama ya ce, "Tsoho, ai kafaɗar nan…"

"Kai tela ne ko likita? Na ce sak!"

Abin da na manta shi ne Baba ya ƙare rayuwarsa yana jan guga a rijiya mai zurfi, har kafaɗarsa ta dama ta sauka, kuma a kan haka aka yanka masa jamfar. Ni ma gugan na ja, shi ya sa ta zauna mini daram ban lura ba.

Ranar kasuwa na shimfiɗa tabarma na jera hajata. Wani dillalin shanu ya saka ɗaya, wuyan ya zame gefe, hannun dama ya rufe masa yatsu.

"Tsoho, wannan ta waɗanda raƙumi ya kayar ce?"

Aka kwashe da dariya. Na ce masa jikinsa ne a karkace. Na naɗe tabarma na nufi telan in karɓi ta Baba, don kwana ukun sun zama wata guda.

Ya miƙo mini leda. A ciki tsummoki ne. Ashe warware ta ya yi ya shimfiɗa a kan yadi, tsohon zaren kuma ya yi ta tsinkewa. Na zazzage, babu hannu ɗaya. Da na waiga sai ga shi a kan keken, ya yi baƙi ƙirin, da shi yake goge mai.

"Ka ce sak," in ji shi. "Yaya zan yi sak ban buɗe ta ba?"

Na zagi almakashinsa, na zagi wanda ya koya masa ɗinki. Sai da masu shayi suka riƙe ni.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na zaɓi mafi kyau cikin sababbin, na tattake ta a ƙasa don ta tsufa, na kai wa Yaya. Ko buɗe ta ba ta yi ba. Ta kai ta hanci, ta jefo mini a fuska.

"Ina ta ubana, munafuki?"

Na ajiye ledar. Ta zuba a cinya tana ta jera tsummokin, ba su haɗu ba. Daga ranar ta daina cin abincin gidana, gaisuwata ma da ka take amsawa.

Abin haushin, kayan sun shiga. Masu shayar da dabbobi daga wajen Tenhya, waɗanda guga ya saukar wa kafaɗa, suka gane an yi jamfar dominsu. Har yanzu ina sayarwa, wani telan ke ɗinka mini.

Bara Yaya ta zo kasuwar Tanout sayen kanwa. Ta tsaya a kan tabarmata, idonta jajir, ba sallama.

"Yanzu na hango Baba daga baya yana cinikin igiya. Na bi shi da sauri har na zubar da kanwata. Da ya waigo, wani ne can ban san shi ba, sanye da jamfar da ka sayar masa. Sau nawa za ka sa in yi haka, Auta?"