Itacen Jego a Adjamé

Har yau in na ratsa ta bayan tashar Adjamé a birnin Abidjan da damina, na shaƙi hayaƙin ɗanyen itace daga murhun masu tuya, sai in ƙara sauri in wuce. Wasu cewa suke yana tuna musu gida. Ni ƙanena yake tuna mini.

Ina ƙarama Inna ta haifi namiji, bayan mu mata uku. Hanya ta yi nisa, ba ta je wankan gida ba, sai mahaifiyarta ta taso daga ƙauyenmu na Nijar don ta yi mata wankan jego. Kun dai san yadda ake yi: a tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a fyaɗa wa mai jego da ganye, a hura mata wuta a ɗaki kada sanyi ya shige ta, har a yi arba'in. A can gida, tun ciki bai tsufa ba miji yake tara itace. Ƙirya ce da sabara, rana ta gasa su ƙayau, garwashinsu ja wur, babu hayaƙi.

Kaka ta sauko daga mota tana salati. Ita da take yini a daji kafin ta haɗa dami guda, ga shi ta sha kallon kurmi ta tagar mota har idonta ya gaji.

"Ashe nan Allah ya zube itacen duniya! Ku kam kun huta."

Ina hutun yake? Kurmin da ta gani, ko dai gonar wani ce ta koko da roba, ko na gwamnati ne. Ga kurmin Banco na gwamnati nan bayan unguwarmu, kana hango duhunsa, amma karya reshe ɗaya ka ga masu gadi. Itacen da muke saye daga nesa kamiyo, wato babbar mota, yake kawo shi, kuma da ruwa ya kankama hanyoyin daji suka lalace, sai ya daina zuwa. Ɗan abin da ya iso jiƙe yake sharkaf, ka tura shi murhu yana kumfa ta gindi.

Baba ya sayo tukunyar gaz. Bai iya yi wa Kaka magana da bakinsa ba, surukarsa ce, ko ido ba sa haɗawa. Ni ya aika. Ta dubi tukunyar sama da ƙasa ta taɓe baki.

"Je ki gaya wa mai gidan nan, 'yata ba shayi ba ce. Wutar kwalba ba ta shiga ƙashi. In ba shi da halin itace ya faɗa, in kwashi abata mu tafi."

Na kai saƙo. Baba ya sunkuyar da kai, maganar gaz ta mutu.

Kaka ta gwada dabarun gida. Ta sa aka kawo mata kashin shanu, ta mulmula ta shanya a kan kwanon rufi. A ƙauye nan da nan yake bushewa. A nan tsutsa ya yi, maƙwabta suka taso mana da Faransanci da Julanci. Kara kuwa, wa yake noman gero a Abidjan? Daga ƙarshe ni da yayata aka riƙa turawa unguwar Treichville. Mu shiga bas mu haye gada, mu bi bayan manyan shagunan ajiye kaya muna tsintar guntayen katakon akwati da ɓawon kwakwa. Wani katakon da fenti, wani yana warin magani. Mu dai murna muke in kai ya yi nauyi.

Da wannan katakon ake hura wutar ɗaki. Jiƙaƙƙen itacen kuma Kaka ta jera shi gefen wutar don ya sha iska, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma. In ka shiga, idonka ne zai fara gaya maka. Wata maƙwabciyarmu Bajula, wato 'yar ƙabilar Jula, ta leƙo ta ce, "Tanti, kifi ake yi wa haka, ba jariri ba."

Kaka ta ce, "Kafin a haife ki nake wankan jego, ba wanda ya taɓa mutuwa a hannuna."

Gaskiya ta faɗa. Amma da itacen can ne, a ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa da hayaƙi ke fita ta ko'ina. Namu siminti ne da kwano.

Bayan suna yaron ya fara tari, ƙirjinsa yana kuka kamar ɗan kyanwa. Kaka ta ce sanyin teku ne, a ƙara wuta. Aka ƙara. Ranar da Baba ya cije ya ɗauke shi zuwa asibiti, likita ya shinshina zanen goyonsa ya tambaya ko gobara aka yi a gidanmu. Yaron bai ga arba'in ba. Aka ce kwana ne ya ƙare. Kaka ta ƙarasa wankan tana hawaye, ta koma gida, har ta rasu teku take zagi.

Ban tsani Kaka ba, so ne ya ɗauko ta daga wata uwa duniya. Abin da ke cin raina, gida cike da manya masu ido da hanci, kunya ta ɗinke bakin kowa. Sai da na shiga ajin manya da furfura a kaina na ji ana karantar da abin da Bajular nan ta faɗa a kyauta. Yanzu gawayin da muke saye ma daga arewa ake loda mana shi, daga inda itacen ya fi ƙaranci, kullum motar tana ƙara nisa.

Bara 'yata ta haifi namiji. Inna, da yanzu sai da sanda, ta ja ni gefe.

"Ba za a nemo itace ba? Haka aka yi mini, ga ni da raina."

Na ce, "Ke kam ga ki, Inna. Shi fa?"

Ta miƙa hannu aka ba ta jaririn, ta daɗe tana kallonsa. Can ƙasa-ƙasa ta ambaci sunan ƙanena, sunan da ban ƙara ji a bakinta ba tun ranar da aka fita da shi.